Hammatar Riga

Shekara goma sha tara ina wanki a Yakasai,
gefen famfon da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama.
Ba na tambayar sunan mai kaya,
hammatar riga ce ke gabatar da ubangidanta.

Ga ta Nafi'u, ɗan dako a Kantin Kwari,
gishiri ya zana masa taswira a gadon baya.
Gumin halal ne, kuma sabon gumi ba ya wari.
Sai ya kwana a jiki,
ƙwayoyin da ido ba ya gani
su taru su yi walima a lungun fata,
gari ya waye a ce mutum yana tsami.

Ga shaddar Alhaji Tasi'u mai canji a Wapa,
turaren dubu arba'in
bisa singiletin kwana uku.
Gaba ƙamshi, baya hamami,
kamar an shimfiɗa sabon kilishi a bakin kwata.
Turare baƙo ne, Alhaji,
ba a saukar baƙo a ɗakin da ba a share ba.

Ɗayyabu na banki kuwa, yadin roba yake so,
mai ƙyalli, marar numfashi.
Rana ta take a titin Bello,
shi yana dahuwa a ciki kamar alala a leda.
Safarsa ba zan yi maganarta ba,
kyanwar maƙwabta ta san labarin.

Wani gashin hammata ya bari ya yi duhuwa,
arba'in ta wuce, reza na kallonsa.
Wani tafarnuwa da albasar tsiren jiya
ke fitowa ta fatarsa suna gaida jama'a.
Wani ya yi wanka, amma wankan tsuntsu,
ya mai da rigar jiya tun jiki bai bushe ba.

Sau ɗaya hancina ya tsorata.
Rigar Malam Mamuda, mutum mai tsafta,
ta soma wani bashi mai zaƙi-zaƙi
irin na ayabar da ta wuce nuna.
Na ce, Malam, wannan ba na sabulu ba ne, ga likita.
Ya yi fushi, ya ɗauke kayansa wata biyu.
Ya dawo da goro: ashe suga ce.

To, ni da nake karanta rigunan mutane,
ran wata Juma'a na shiga sahu,
yaron da ke damana ya ɗan zame kafaɗa,
ya ja hularsa ya rufe hanci.
Na ce a raina, 'ya'yan zamani.
Da na koma gida, autata Ummita,
wadda ba ta iya ƙarya ba tukuna,
ta hau cinyata, ta sauka da sauri:
Baba, kana warin bokiti.

Laifi tudu ne.
Na taka nawa shekara goma sha tara
ina hangen hammatar Kano.

Tun ranar nake wanka safe da yamma,
soso ya shiga inda rana ba ta shiga,
in goge sarai, in shafa ɗan alimun,
in sa farar auduga da ta sha hantsi.
Reza duk mako, ruwan sha a kusa,
rigar aiki daban, ta masallaci daban.

Wanda ya kawo wanki yanzu
ina naɗe masa maganar cikin guga, a hankali,
don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.
Nafi'u ya yi dariya ya karɓa.
Alhaji Tasi'u bai ce komai ba,
amma makon jiya, a ƙullin kayansa,
na ƙirga singileti bakwai.